Agarar Baffa Manu

Mutumin da ya tarbe mu a filin jirgin Alƙahira yana riƙe da kwali mai sunana, ya rungume ni kamar nono ɗaya muka sha. Shekara ashirin da ɗoriya ina sayen albasa a gonakin Bakolori ina lodawa kudu, kuma abin da sana'ar nan ta koya mini shi ne, buhun da aka fi gyara wa baki shi za ka fara zazzagewa. Don haka tun a nan na sa masa ido. Ɗan ƙasarmu ne da ya daɗe a can, kowa Ustazu yake ce masa. Wani dillalin asibiti ne ya haɗa mu da shi tun daga gida.

Ba don kaina na je ba. Surukina na kai, Baffa Manu, mahaifin matata Dije. Bafulatani ne zaunanne, yana da 'yan shanunsa da gonar gero a wani ƙauye bayan Maradun. Shekara uku ƙafarsa ta dama ta hana shi sakat. An sha ƙwayoyi, an yi allurai, wanzami ya yi ƙaho har sau biyu. Kowa a gidan cewa yake ciwon dunduniya ne, hoton da aka ɗauka ma ya nuna wani ɗan ƙashi ya tsiro a ƙarƙashinta kamar ƙayar aduwa.

A wani wurin ciwon ƙafa ciwon ƙafa ne kawai. A wajenmu, a shekarun nan, wanda ba ya iya gudu ransa a hannun wasu yake. Ranar da 'yan bindiga suka fara shiga ƙauyensu, ɗansa Buba ne ya goya shi zuwa cikin gona, harsashi ya sami Buba a damtse, har yau hannun ba ya miƙewa. Bayan nan Baffa ya tara 'ya'yansa ya ce kada wanda ya ƙara goya shi. In an dawo, kowa ya yi ta kansa, a bar shi a ɗakinsa. Na aika masa ya dawo Mafara, akwai ɗaki a gidana. Ya ce a gaya wa Alhaji ya gode. Bai zo ba, na kuma san ba zai zo ba, don mutum irinsa ba ya zama ƙarƙashin rufin mijin ɗiyarsa ta fari, ɗiyar da ko sunanta ba ya faɗa. Hanya ɗaya ta rage, a gyara ƙafar. Ni kaɗai ne a dangin na taɓa hawa jirgi, shi ya sa nauyin ya faɗo kaina. Sai da limamin ƙauyen ya sa baki kafin Baffa ya yarda ya biyo ni.

Masaukin da Ustazu ya kai mu ɗaki ɗaya ne a hawa na biyar, cikin wani lungu da rana ba ta leƙawa. A waya ya ce mini ɗaki biyu ne, akwai na'urar hawa. Na'urar tana nan, amma daga ganin tsatsar ƙofarta ta daɗe da mutuwa. Gado biyu suna kallon juna, tsakaninsu bai fi taku biyu ba.

Wanda bai taɓa kwana ɗaki ɗaya da surukinsa ba ba zai gane ba. Shekara goma sha tara ina auren Dije, ban taɓa ganin Baffa yana tauna abinci ba, shi ma bai taɓa ganina ba hula ba. In na sayo abinci sai in ajiye masa in fita in ci nawa a kan matakala, maƙwabta suna tsallake ni. In na dawo in iske ya ɗan taɓa gefen gurasar ya rufe. Lokacin sanyinsu ne, sanyi mai shiga ƙashi. Ya kan zauna bakin taga da bargo yana kallon bangon gidan da ke gabanmu. Sau ɗaya ya yi magana ba tare da na tambaye shi ba.

"Garin ga ba su da shanu?" Bango yake kallo, ba ni ba.

"Akwai, Baffa. Suna bayan gari."

"To."

Kwana uku Ustazu yana cewa gobe. Rana ta huɗu ya kai mu wani asibitin kuɗi mai ƙofar gilas. Likitan ya ɗaga hoton ƙafar ya duba a fitila, ya yi magana mai tsawo, Ustazu ya fassara a gajarce: a yanka jibi, a kankare ƙashin. Na ce wata nawa kafin ya taka? Ustazu ya ce kwana kaɗan. Likitan kuwa na ga ya ɗaga yatsu uku, ya kuma juya hannu alamar ko fiye, na kuma ji kalmar wata, don ɗan Larabcin Umra bai bar ni duka ba. Sai kuma na lura da wani abu. Tun da muka shiga Baffa bai cire takalmi ba, ba wanda ya ce ya cire. Ni ko albasa ba na saye sai na latsa wuyanta. Na ce wa Ustazu za mu yi shawara.

A kan titi fuskarsa ta sake. Ya ce na kunyata shi, ya ce mutanen ƙauye haka suke. Na ce masa ni ɗan kasuwa ne, na san mai la'ada in na gan shi, don ni ma ina ci, amma ban taɓa ci a kan ƙafar tsoho ba. Ya tare mota ya shige. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba. Kusan sati ɗaya ya tafi a cikin shidan da tikitinmu ya ba mu.

Kwana biyu ina yawo a unguwar, ba baki ba hanya. Na shiga wata kasuwa na tsaya gaban tulin albasa, ja, manya, ba su da yaji kamar namu. Na ɗauki ɗaya na shinshina, sai na tuna yanzu ana can ana ban ruwa a Birnin Tudu, ni kuwa ina nan na kawo uban mutane na ajiye a saman bene. Ina cikin haka na ji wata murya a bayana tana cewa da Hausa, "Ɗana, saya za ka yi ko gaisuwa kuke?"

Tsohuwa ce baƙa, doguwa, da tsagen Barebari a kumatu, tana sayar da shayi a bakin kasuwar. Sunanta Inna Falmata. Kakanninta sun taso daga Barno da niyyar Makka, suka yada zango a Sudan, zangon ya zama gida. A unguwarsu ta can Hausa ake yi, wata irin Hausa ta mutanen da. Yaƙi ne ya koro ta Alƙahira, ita da jikokinta, mijinta da ɗanta babba ba su fito ba. Ta faɗi haka tana zuba mini shayi, ba ta canza murya ba.

Na ba ta labarinmu. Ta ce kafaɗarta ta taɓa riƙewa saboda ɗaukar tukwane, wani likitan gashin ƙashi ya yi mata aiki da wata na'ura, ba wuƙa ba allura. Ta ce ita ta ji sauƙi, amma ta san wata da aka yi wa ba ta ji ba. Wannan maganar ta ƙarshe ce ta sa na yarda da ita. Ustazu bai taɓa ce mini wani abu zai iya ƙi ba.

Washegari ta rufe teburinta ta raka mu. Tana ganin Baffa ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Ashe Bafillace ne. Da ka faɗa mini da ban rufe shayina ba saboda bawana."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma wasan Fulani da Barebari ya girme mu duka. Baffa ya dube ta sama da ƙasa, karo na farko da na ga ya kalli wani a ido tun da muka sauka.

"Ku ne kunka tasam ma Makka shekara ɗari ba ku isa ba? Ke za ki gwada muna hanya?"

Ta yi dariya har da tafi. Shi bai yi ba, amma gemunsa ya motsa.

Likitan wani siriri ne mai furfura, ɗakinsa ƙarami, gado ɗaya da na'ura a kan teburi mai taya, girmanta bai kai janareta ƙarami ba. Tana da igiya, a bakin igiyar wani abu kamar taɓarya 'yar ƙarama mai kan ƙarfe. Sunanta da Turanci shokwef. Ya yi bayani, Inna Falmata tana juyawa. Ba wutar lantarki take sa wa mutum ba. Bugu take aikawa, mai ƙarfi, a jere, ya ratsa fata ya isa jijiyar da ta daɗe da rauni har jiki ya manta da ita. Bugun ya tsokano wurin, jini ya kawo, jiki ya koma gyara. Sau ɗaya a sati, sau biyar. Kada a sha ƙwayoyin kashe kumburi a tsakani. Sauƙin ba ranar yake zuwa ba, sai bayan makonni, wani lokacin watanni, wani kuma ba ya samu. Ya ƙara da cewa ƙashin da ke hoton ba lallai shi ne mai laifi ba, mutane da yawa suna yawo da irinsa ba su sani ba. Sannan ya ce abin da ya fi komai: na'urar ba ta da ido. Mara lafiya ne idonta. Shi zai ce nan ne, shi zai ce ya isa.

Ya tambayi inda ke ciwo. Baffa ya sunkuyar da kai. A wajenmu ba a barin babba ya yi ƙorafi da bakinsa in akwai na ƙasa da shi a wurin, don haka na yi abin da aka hore ni a kai. Na amsa masa. Na ce dunduniya ce, daga ƙasa, ga hoto.

Likitan ya kama ƙafar ya latsa ƙasan dunduniya. Ya latsa gefe. Ya latsa baya. Kowane wuri yana kallon fuskar Baffa, yana tambaya. Baffa mutum ne da ya sha bulalar sharo yana saurayi, tabon yana nan a haƙarƙarinsa. Fuskar ba ta ce komai ba.

"Babu komi," ya ce. Ko'ina babu komi.

Likitan ya nuna mini ƙofa, ya ce ko zan jira a waje. Na ƙi. Tun abin da Ustazu ya yi na rantse ba zan sake barin tsohon nan da kowa ba, kuma ni a rayuwata ba a taɓa ɗora kayana a sikeli ba na tsaye. Na ja kujera na zauna daidai kansa. Likitan ya ɗaga kafaɗa, ya bi maganata da hoton. Ya shafa wani mai sanyi a ƙasan dunduniya, ya ɗora kan ƙarfen. Ƙarar kamar maƙeri yana sauri, tak-tak-tak-tak. Ya ƙara ƙarfi ya tambaya. Babu komi. Ya ƙara. Babu komi. Bai wuce minti goma ba aka gama.

Sati na biyu haka. Da muka koma masauki ƙasan ƙafar ya kumbura ya yi duhu. Hawa biyar ɗin nan sai da muka yi kusan rabin awa, yana dafa bango, ni ina bayansa ba damar in riƙe shi. Dije ta kira tana tambaya, na ce ana samun sauƙi. Na san ƙarya nake. A cikin wayar nan ta gaya mini an sake shiga wani ƙauye kusa da nasu.

Ranar Juma'a bayan masallaci Inna Falmata ta hawo da ƙwaryar fura. Ta ce geron daga wajen 'yan Sudan ta samo, nonon kuwa na kanti ne, Bafillace ya yi haƙuri. Baffa ya karɓa da hannu biyu, na tashi na ba shi wuri. Ta biyo ni matakala, riƙe da takalminsa na dama. Takalmi ne sau ciki da na saya masa a Gusau saboda tafiyar.

"Kai ka ce ɗan kasuwa ne. Dubi nan."

An yanke bayan takalmin da wuƙa, an cire shi gaba ɗaya. Na hagun yana nan lafiya. Na ga yankan tun muna filin jirgi, na ɗauka halin mutanen daji ne da ba su saba da rufaffen takalmi ba.

"Wanda ƙasan ƙafarsa ke ciwo auduga yake sawa a ciki," ta ce. "Wannan bayan ne ba ya so a taɓa. Agara ce, jijiyar da ke bayan dunduniya. Na gani ranar farko, da likita ya latsa baya, yatsun hannunsa sun shige cikin katifa. Na yi shiru na ce ko idona ne, ga ka da hoto, ga ka da baki."

"To me ya hana shi faɗa, Inna?"

Ta dube ni kamar yadda nake duban sabon yaron kasuwa da ya sayi ruɓaɓɓe.

"Kai. Kana zaune a kansa kamar alƙali. Mutumin da ba ya shan ruwa a gabanka shi zai ce wayyo a gabanka? Wa ya taɓa tambayarsa ma a gidan? Ɗiyar farin da ba ya faɗin sunanta, ko 'ya'yan da ke duƙawa?"

Shekara uku ana yi wa ƙasan dunduniya allura da ƙaho, don wani ya ce dunduniya, kowa ya maimaita, shi kuma kunya ta hana shi gyara mana. Na raina likitan farko don bai latsa ba. Ni na kawo wanda ya latsa, na zauna na toshe masa amsa. Biyu cikin biyar sun tafi a banza, kuma ni na zubar da su.

Sati na uku na raka Baffa da Inna Falmata har ƙofar ɗakin likitan, na ce Baffa zan je neman canjin mota, na ja ƙofar. Ban je ko'ina ba. Benci na samu a barandar, bangon kuwa na katako ne.

Na ji muryarta. "To bawana, alƙali ya fita. Ni ba surukarka ba ce, ba kuma budurwar da za ta ba ka fura a filin sharo ba. In ka sake cewa babu komi, na rantse zan gaya wa Barebarin duniya Fulani ba su san gaban ƙafarsu da bayanta ba."

Sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ce mai shi hau sama kaɗan. Baya. Nan inda agara ta kama ƙashi." Sai wani numfashi mai kauri. "Nan na."

Na'urar ta fara. Ba a daɗe ba na ji nishi, irin na bijimin da aka kayar za a yi masa lamba. Na ji ya ce a rage, aka rage. Na ji ya ce shekara uku in ya tashi da asuba sai ya riƙe ƙyaure kafin ya taka. Na ji ya ce ranar da Buba ya goya shi ya roƙi Allah harsashin ya same shi shi. Wannan ba likita yake gaya wa ba, Inna Falmata ma ba ta fassara ba. Na tashi na sauka ƙasa, don abin da ya rage ba nawa ba ne in ji.

Bayan an gama likitan ya same ni, Inna Falmata tana fassara. Bai yi faɗa ba. Ya ce uku sun rage mana da wannan, wasu uku na isar su, wasu ba ta isa. Ya koya wa Baffa yadda zai riƙa ɗaga dunduniya yana saukewa a hankali safe da yamma, ya ba shi wani ɗan tudu na sawa a takalmi, ya ce wannan aikin ya kai na'urar muhimmanci. Sauran biyun ma a benci na yi su.

Ranar tafiya Inna Falmata ta ƙi karɓar komai sai turmin atamfar da Dije ta sa a jakata saboda ko-ta-kwana. Ta ce wa Baffa in ya isa ya gaida shanun Barebari da yake kiwo. Ya ce in ta isa Makka ta aiko. Har muka shiga mota tana tsaye bakin teburin shayinta. Lambar da ta ba ni ta daina shiga bayan wata biyu, ban san inda take ba yanzu.

Mun sauka gida Baffa yana ɗingishi kamar yadda ya tafi. Mutane sun zo sannu da zuwa, suna kallon ƙafar, suna kallona. A kasuwar Mafara har wani abokin cinikina ya ce ashe yawon buɗe ido muka je. Ni ma abin da nake gani ke nan. Sai wajen wata na uku Buba ya gaya wa Dije cewa Baffa ya bar sanda a ɗaki ya bi shanu har mashaya. Ba warkewa sarai ba, in ya yi nisa yana ji. Amma yana zuwa yana dawowa.

Da damina ta faɗi, dawa ta kai kafaɗa, 'yan bindiga suka dawo ƙauyen su Baffa. Da hantsi ne, ina rumfata ana ɗinke buhuna aka kira ni. Har azahar ba wanda ya san inda Baffa yake. Buba ya fita da mata da yara ta gabas, kamar yadda uban ya yi musu umarni. An kora shanun duka. Maƙwabcinsa, wani tsoho mai ciwon gwiwa da suke sallah sahu ɗaya, a ƙofar ɗakinsa aka same shi. Dije ta zauna a tsakar gida, idonta a kan ƙofa.

Bayan la'asar wata motar itace daga Maradun ta tsaya a ƙofar gidana. Baffa ya sauko daga baya. Ba hula, rigar ta yage, laka har gwiwa. Direban ya ce a bakin titi ya tsince shi, ya ratso gonaki da fadama tun safe, shi kaɗai.

Na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo ruwa a buta da kwano, na juya zan fita in ba shi wuri kamar kullum.

"Alhaji, zamna."

Na zauna a bakin tabarmar. Ya ɗaga kwanon ya sha a gabana, ya sha har ya ƙare. Sannan ya miƙe ƙafar dama, ya cire takalmin nan mai yankakken baya, ya ɗora yatsa a kan agara.

"Nan na," ya ce. "Tana ciyo ƙwarai. Amma ita ta kawo ni."

Ya dubi ƙofar cikin gida, inda Dije take tsaye bayan labule.

"Ɗakin da ka ce, yana nan?"

Na ce yana nan, Baffa.